Bakwai Mai Ɗamara

Ɗakin kati na asibitin da Goggo take aiki taga biyu gare shi. Ta hagu ta kowa ce. Ta dama kuwa ranar Laraba kaɗai ake buɗe ta, kuma cikin shekara ashirin da huɗu da Goggo ta yi a ɗakin, goma sha shida a bayan wannan tagar ta yi Larabarta. Masu zuwa wannan tagar masu karɓar maganin cutar nan ne mai karya garkuwar jiki. Sukan zauna a benci uku a jikin bango, kowa ya sunkuyar da kai kan wayarsa ko kan takalminsa, ba mai son haɗa ido da wanda ya sani.

A tagar hagu suna ake kira, da ƙarfi, har da na uba. A ta dama Goggo ba ta taɓa kiran sunan kowa ba. Lambar kati take kira. In lambar ba ta amsa ba, sai ta leƙo ta ce, "Mai shuɗin mayafi, ke fa nake jira," ko "Malam mai jarida, bismilla." Ba dokar asibiti ba ce, ita ta ɗora wa kanta. Abokin aikinta na tagar hagu, wanda kowa ke kira Dogo, ba ya gajiya da tsokanarta a kan haka.

"Hajiya, ke ko a lahira da lamba za ki ce a kira ki."

"In dai kai ne a taga ai gara lambar. Suna uku ka ɓata jiya kaɗai."

Goggo ƙanwar mahaifina ce. Kakanmu magatakardan sito ne, kuma shi ya koya mata rubutu da rula a hannu, layi bisa layi. Abin da take alfahari da shi a duniya bai wuce hannunta ba. Haruffanta a tsaye suke kamar an auna su. Bakwai ɗinta kuwa sai ta ɗaura masa ɗamara a tsakiya don kar ya rikice da ɗaya, ƙarshen ɗamarar ya ɗan lanƙwasa sama kamar wutsiya. An kawo kwamfuta ɗakin shekara huɗu da suka wuce, amma ɗan katin da majinyaci ke tafiya da shi gida har yau da biro ake cika shi, kuma na 'yan Laraba ita ke cikawa. Da na ce mata zan rubuta labarin nan, sharaɗi ɗaya ta gindaya min: kar in saka hoton rubutunta.

Mijinta ya rasu shekara goma sha biyu ke nan, a kan ciwon da aka ce wa dangi na huhu ne. Ɗa ɗaya gare ta, direban babbar mota, wanda nake kira Yaya. Yakan yi mako uku bai kwana a gida ba. Da na dawo daga karatu bayan shekara bakwai a waje, na sami aiki a wani kamfani mai tsaron kwamfutocin ma'aikatu, sai na sauka a gidanta saboda ya fi kusa da ofis. Tun ranar da na ajiye akwati ta laƙaba min Digiri, sunan kuma ya bi ni.

Wata Asabar da hantsi ina wanke kofuna sai ta shigo kicin riƙe da wata ƙaramar waya da ban taɓa gani ba, bayanta a tsage. Ta turo ƙofa ta rufe, ko da yake mu biyu ne kaɗai a gidan.

"Digiri, goge hannunki. Yau za mu ga ko karatun nan na gaske ne ko yawon ganin gari kika je."

Wani zaure ta nuna min a ɗaya daga cikin manhajojin sada zumunta. Sunansa Bayan Labule, mutum dubu ɗaya da ɗari biyu a ciki, ba mai amfani da sunansa na gaskiya. Mai zauren kuma Uwar Ɗaki. Goggo ba ta iya buga rubutu a waya ba, ta ce kamar kaza ce ke tsintar tsaba, don haka duk abin da Uwar Ɗaki ta saka hoto ne: rubutun hannu a bayan katin asibiti da ya lalace aka yar. Shekara shida tana haka. Yadda za ki sa auduga a kwalba don kar ƙwayoyi su yi kara a jaka. Abin da za ka ce wa maigidanka a wurin aiki in ya fara tambayar ina kake zuwa duk wata. Wanda ya tambayi abin da ya shafi magani kuwa amsarta ɗaya ce: je ka ga likita, ni ba likita ba ce. Ina ta gangarawa har na kai wani kati da ta rubuta: "Ni ma shekara goma sha ɗaya ke nan ina shan nawa. Ban fasa zuwa aiki ba, ban kuma fasa faɗa da maƙwabta ba."

Na ɗago kai. Ita kuwa tagar kicin take kallo.

"Kin kai wurin?"

"Na kai, Goggo."

"To wuce. Ba shi na kira ki ki gani ba. Yayanki bai sani ba, ubanki bai sani ba. Kwalbar ƙwayoyin tana cikin gwangwanin zare a kan durowa. Wuce gaba."

Na wuce. Abin da ta kira ni in gani shi ne wani zaure na biyu da ya ɓullo kwana huɗu kafin nan. Suna ɗaya, hoton labule ɗaya, mai shi ma Uwar Ɗaki. Yana bin 'yan zauren Goggo ɗaya bayan ɗaya da saƙo cewa an buɗe rajistar kai wa mutane magani har gida, ba sai sun sake zama a benci ba. Abin da ake buƙata kawai hoton katin asibiti da na katin shaida. Mutum goma sha tara sun riga sun rubuta cewa sun tura, har suna godiya.

Goggo ta riga ta kai ƙara ga kamfanin manhajar. Amsar da ta dawo ta inji ce. Ta ce don a cire mai sojan gona, sai mai ainihin zauren ya tabbatar da ko shi wane ne: hoton katin shaida gaba da baya, da ɗan bidiyon fuska. Ba za a nuna wa kowa sunan ba, in ji saƙon, za a adana shi ne kawai.

"Gaskiya ne?" ta tambaye ni. "Ba mai gani?"

Na so in ce mata e, don hankalinta ya kwanta. Amma aikina ke nan, kuma na san abin da na sani. Na ce mata galibi suna cika alkawari, ba sa nunawa. Na ce amma abin da aka adana yana iya fita, ko ta hannun ɓarawo, ko ta ma'aikaci, ko ta kuskure, kuma ba zan iya rantse mata ba.

Ta gyaɗa kai. "Ni ma haka nake ce wa mutane a taga, kawo katin shaidarki, ba mai gani. Kuma gaskiya nake faɗa, don makullin kabad ɗin yana jakata. Su nasu makullin yana jakar wa?"

"Ban san jakar ba, Goggo."

A inda na yi karatu mun sha yin wannan muhawarar a aji. Wasu su ce in ba a tantance mutane ba, kowane ɓarawo zai sa rigar wanda ya ga dama. Wasu su ce rumbun da aka tara katunan shaida shi ne babban abin da ɓarayi ke nema, kuma akwai mutanen da ɓoyon suna ne kaɗai ya ba su bakin magana. Mukan tashi kowa da gaskiyarsa, mu tafi shan shayi. Ban taɓa ganin gaskiyar biyu a kan tebur ɗaya ba sai ran nan, kusa da kofunan da ban gama ɗauraye ba.

Na yi abin da na iya. Na canja mata kalmar sirri, wadda ashe ranar haihuwar Yaya ce. Na ƙara wa wayar kulle na biyu. Na duba layin, na ga ta yi wayo, ba shi take kira da shi ba. Na duba hotunan ko suna ɗauke da bayanin wurin da aka ɗauke su, na kashe wannan. Na ji daɗin kaina sosai. Abin da ke gaban idona ƙuru-ƙuru kuwa ban gan shi ba.

Ranar Lahadi bayan azahar ta fito da katin shaidarta ta ajiye a tebur. Muka ɗauki gaba, muka ɗauki baya. Waya ta fito da wata da'ira ta ce a saka fuska a ciki. Goggo ta gyara ɗankwali, ta saka. Waya ta ce a juya kai hagu. Ta juya rabi, sai ta kife wayar a kan tebur.

"Ba zan iya ba."

"Bari in saka nawa katin," na ce. "Ni ba ruwana, in ya fita ya fita."

"Ke da wa? In ya fasu a ce ke ce, in kalli ubanki da wane ido? Kuma in na sa fuskar wani a kan zaurena, me ya raba ni da wancan ɗan iskan?"

A madadin haka ta rubuta kati ta gargaɗi mutane: kar kowa ya tura komai, ni ban taɓa tambayar sunan kowa ba, ba kuma zan fara yau ba. Kafin Litinin da rana mai sojan gona ya mayar da martani. Ya kwashi tsofaffin katunanta ya zuba a nasa zauren, ya ce ɓarayi sun ƙwace tsohon, kowa ya gudo nan. Mutane suka rikice. Wata ta rubuta, "Don Allah wace ce Uwar Ɗakinmu a cikinku?" Wasu suka fice daga duka biyun. Wani da ya yi shekara uku yana zuwa zauren ya ce shi ya daina yarda da kowa, asibitin ma ba zai koma ba. Goggo ta karanta wannan sau uku. Abincin da na zuba mata haka na ɗauke shi.

Ranar Talata na dawo daga ofis bayan la'asar na same ta zaune a bakin gado da takalmin aiki a ƙafarta. Ta miƙo min wayar.

Wata mai kiran kanta Mai Ɗinki ce ta rubuta. Tana cikin goma sha taran da suka tura. Da safen nan an aiko mata da hoton katinta, aka ce in ba ta yi abin da ake so ba kafin mako ya fita, za a tura wa dangin mijinta da duk matan da ke kawo mata ɗinki. Ta saka hoton a zaure don kowa ya gani, ta rufe sunanta da baƙin layi, lamba kaɗai ta bari.

"Na san lambar," in ji Goggo. "Gobe ma ranarta ce. Yarinya mai natsuwa, 'ya'ya uku."

Ni kuwa lambar nake kallo. Ɗaya, bakwai, huɗu, bakwai. Bakwai biyu, kowanne da ɗamararsa, kowace ɗamara da 'yar wutsiyarta a sama. A ƙarƙashin hoton, gargaɗin da Goggo ta saka ranar Lahadi ne, da kwanan wata a kusurwa, sha bakwai ga wata.

"Goggo," na ce, "wa ke cika katin 'yan Laraba?"

"Ni mana. Wa zan bar wa, Dogo?"

Na ɗora yatsa a kan bakwai na sama, na ɗora wani a kan na ƙasa, na juyo mata da wayar.

Ta daɗe tana kallo. Ta ɓoye suna, ta ɓoye fuska, ba ta taɓa aika murya ba, ta sayi layi na daban. Amma hannunta, wanda yake cikin jakar duk wanda ya taɓa zama a bencin nan, shi ta yi shekara shida tana bazawa, saboda ba ta taɓa ɗaukarsa a matsayin abin ɓoyewa ba. Abin nunawa ne tun zamanin kakanmu.

"Innalillahi," ta ce a hankali. "Ashe tsirara nake yawo."

Ni ma kunya ta rufe ni. Na bincika kalmar sirri, na bincika layi, na bar abin da ya fi su girma. Kuma akwai abin da ya fi tayar min da hankali, wanda dole na faɗa mata. Ɓarawon nan yana riƙe da kati goma sha tara da hannunta ya cika, da rubutunta na shekara shida. Ranar da ya haɗa su kamar yadda na haɗa, zai san a wane ɗaki Uwar Ɗaki take zama, da abin da ta rubuta game da kanta.

Ta cire takalmi ɗaya ta riƙe a hannu.

"Gobe in na tashi aiki zan ba kamfanin fuskar," ta ce. "A rufe na ɓarawon, ni ma in rufe nawa. Ki raka ni asibiti, Digiri."

Na nemi izini a ofis. Da safe ta zaunar da ni a kan wata kujera a bayan kantocin fayil, inda nake ganin bayanta da ɗan yankin taga. Ɗakin na warin tsohuwar takarda, fanka na juyawa da ƙyar. Dogo ya kalle ni ya yi dariya.

"Hajiya, an kawo mana sufeto daga ƙasar waje ne? Malama, ki rubuta a rahotonki, fankar nan ta girme ki."

Goggo ta wuce tagarta ta hau jera fayil. Ya sake kallonta, ya buɗe tagarsa.

Ta fara kiran lambobi. Muryarta ba ta fita kamar kullum. Duk wanda ya miƙo kati sai in ga kafaɗarta ta ɗaga, sai ya juya sannan ta sauko. Mutum goma sha ɗaya suka wuce a haka. Sannan ta ɗauki fayil na gaba, ta tsaya, ta gyara murya.

"Dubu ɗaya da ɗari bakwai da arba'in da bakwai."

Wata mata ta taso, ba ta kai arba'in ba, tef ɗin awo ya leƙo daga bakin jakarta. Idanunta sun kumbura. Ta turo katinta ta ƙarƙashin gilashi, ta matso da bakinta kusa da 'yar ƙofar.

"Sannu da aiki, Uwar Ɗaki."

Biron Goggo ya faɗi ya gangara har ƙafata. A daidai lokacin Dogo ya ɗaga murya yana kiran wani suna a tagarsa, ya maimaita, ya ƙara da faɗa a kan masu zuwa ba kati. Har yau ban sani ba ko da gangan ya yi.

"Tun yaushe?" Goggo ta tambaya, da ƙyar na ji.

"Tun ranar da na shiga zauren. Shekara huɗu. Na ga bakwai ɗin, na ciro katina na ɗora kusa da waya."

"Wa kika faɗa wa?"

"Ba kowa. Amma ban ce ni kaɗai ke da ido ba."

Goggo ta ɗan leƙa. A bencin nan uku ba wanda ya ɗago. Mai shuɗin mayafi tana gyara igiyar jakarta, malam mai jarida yana karanta shafin da ya buɗe tun ɗazu.

"Kuma ba wanda ya taɓa ce min komai?"

"Ke kin taɓa kiran sunanmu?"

Goggo ta dafa tebur da hannu biyu. Na ɗauko biron na ajiye kusa da ita, ba ta ma gan ni ba.

"To ke da kika san hannuna, me ya kai ki tura wa wancan?"

"Ai da hannunki ya zo min, Hajiya. Katinki ya aiko min a saƙo, na ga bakwai, hankalina ya kwanta. Sai jiya na lura kwanan watan na bara ne." Ta share ido da bayan hannu. "Tsohon ɗinki kowa na iya sata ya ce nasa ne. Ki yi sabo. Mu mu faɗi abin da za ki rubuta, ki rubuta muna kallo. Shi ma a ce ya yi."

A makaranta akwai dogon suna da muke kiran wannan dabarar, mun yi jarrabawa a kanta. Mutanen zauren ba sa bukatar sanin ko ita wace ce. Abin da suke bukata su tabbata wadda ke magana yau ita ce ta jiya. Ni mai digirin ban tuna ba, sai tela ta tuna min ta cikin taga.

Mai Ɗinki ta koma benci ta rubuta a zaure cewa kowa ya kawo maganar da yake so a rubuta. Kafin hutun rana an tara fiye da sittin. Muka shiga ɗan siton da ke bayan ɗakin kati. Na hana Goggo taɓa katin asibiti, na yago farar takarda daga littafina, na sa ta cire zobe, na saita waya yadda hannu da takarda kaɗai za su fito.

"Goggo, ki sani fa," na ce kafin in danna. "Wannan zai nuna musu ke ce. Amma ba zai ɓoye ki daga ɓarawon ba. Ƙara fito da hannun ma zai yi."

"Na sani. Danna."

Ta rubuta kwanan wata. Ta rubuta maganar da ta fi samun goyon baya, ta wata tsohuwa ce a zauren: "Ɓarawo, ga biro, bismilla." Wani ya ce a ƙara bakwai guda uku, ta jera su, kowanne da ɗamararsa. Hannun da biro ya suɓuce wa ɗazu, da ya hau takarda sai ya tsaya cak.

Kafin mu isa gida mutane sun fara rubutawa a ƙarƙashi. Ba wanda ya ce ya san ta. "Na san hannun nan," haka kawai suke cewa, ɗaya bayan ɗaya, har na daina ƙirgawa a arba'in. Suka bi mai sojan gona zaurensa suna ce masa ga biro. Kwana biyu bai ce uffan ba, a na uku ya fara goge masu tambaya. Ɗaruruwa suka kai ƙararsa a lokaci guda. A rana ta tara zauren nasa ya ɓace. Kamfanin bai taɓa gaya mana dalili ba, Goggo kuma ba ta ba su fuskarta ba. Katin shaidar ya koma jaka.

Amma abin da ya fita ya fita. Katunan nan goma sha tara suna hannun wanda ba mu sani ba, ba kuma wata dabara da zan yi in dawo da su. Mai Ɗinki ba ta jira mako ya fita ba. Ta je ta faɗa wa yayarta da surukarta da bakinta. Ta rubuta a zaure cewa an yi kuka, an yi shiru, ba ta san yadda za ta kaya da masu kawo ɗinki ba, amma aƙalla ta karɓe wuƙar daga hannun ɓarawo.

Goggo ta daina tsalle in wayar aljihunta ta yi ƙara a wurin aiki, amma a gida ba ta daina ba. Duk saƙon da ya shigo daga lambar da ba ta sani ba sai ta miƙo min in fara buɗewa. Na ce mata mai yiwuwa ɓarawon ya koma wani wuri, irinsu ba sa daɗewa a inda aka gane su.

"Mai yiwuwa," ta ce. "Ke da kanki kika ce ba za ki iya rantsewa ba."

Ranar Juma'a na ji ta a waya da Yaya. "In ka sauke kayan ka biyo ta gida. A'a, lafiya lau. Ka dai zo." Da ta ajiye ta ce min, "Mutum arba'in sun sani sun rufa min asiri. Ɗan da na haifa ba zai ji a bakin waya ba."

Lahadi da yamma ta share falo sau biyu. Ta dafa shayi ta jera kofi uku. Sannan ta shiga ɗaki ta buɗe gwangwanin zare, ta fito da farar kwalbar, ta cire audugar da ke ciki. Ta ajiye ta a tsakiyar tebur. Ta mayar da ita bayan tulun shayi. Ta sake dawo da ita tsakiya, ta juya takardar jikinta ta fuskanci kujerar da Yaya ke zama.

Motarsa ba ta shiga layinmu, a bakin titi yake barinta ya tako. Muka ji takunsa, muka ji sallamarsa a ƙofa, da muryarsa ta mai gajiya yana tambayar ko an rage masa wani abu a tukunya.

Goggo ta ɗora hannu biyu a kan gwiwa.

"Digiri, buɗe masa. Kuma ki dawo ki zauna, kar ki gudu kicin."